Farcen Kaka

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya gida, ya jikin Kaka?

Ni lafiya lau, kada ki damu. Duk Asabar makaranta kan kai mu gidan tsofaffi, mu 'yan ƙasashe daban-daban, wai hidimar al'umma. An ba ni wata tsohuwa, ina yanke mata farce, ina taje mata kai. Jiya na tarar an yaye zanen gadonta, ta rasu. Malama ta duba takarda kawai, ta ce in wuce ɗaki na gaba. Na wuce.

Shekara uku rabona da hannun Kaka, bana ma ba zan zo ba. Don Allah, wa ke yanke mata farce? Kuma me ya sa kullum na kira sai ku ce tana barci?

Ƙanwarki