Fuskar Sahabi Tana Ƙarshen Faifai

Bashiru Idris,
Unguwar Gabas, Nahuce,
Ƙaramar Hukumar Bungudu,
Jihar Zamfara.
Litinin, 22 ga Nuwamba, 1999.

Zuwa ga
Mai Girma Shugaba,
Ƙungiyar Masu Sana'ar Hoto da Bidiyo,
Shiyyar Gusau, Tsafe da Bungudu,
Gusau.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: FAIFAN HOTUNAN MARIGAYI SAHABI IDRIS, WANDA MALAM RABI'U MAI HOTO YA BUGA, YA KUMA ƘI AIKI A GIDAN MAI SHI

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwar girmamawa da fatan Allah ya ƙara wa Mai Girma lafiya da basirar riƙon jama'a, ina gabatar da wannan ƙorafi a madadin mahaifiyata, Inna Tambaya, matar marigayi Malam Idris na Nahuce. Ba ta rubutu, kuma ko da tana yi, wannan magana ba za ta fito daga hannunta ba, saboda dalilin da zan ambata. Wanda ake ƙorafi a kansa shi ne Malam Rabi'u, mai shagon hoto da bidiyo a Tudun Wada, Gusau, wanda takardar shaidar ƙungiyarku take rataye a bangon shagonsa.

Ina roƙon Mai Girma ya yi haƙuri da ɗan tsawon bayani, don in ba a san wace ce mai ƙorafin ba, za a ɗauka rigimar faifai ce kawai.

Yayana Sahabi, direban babbar mota, shi ne ɗan farin Inna. Ya rasu a haɗarin mota tsakanin Tsafe da Gusau a watan Maris na bana, Allah ya jiƙansa. Mai Girma ya san kunyar ɗan fari a wurin iyayenmu mata, to ta Inna har ta fi ta kowa. Ana yaye shi aka kai shi Mada wurin kakarsa. Bakinta bai taɓa furta sunansa ba, “wancan” take ce masa. In ya shigo gida da tsarabarsa ya durƙusa yana gaishe ta, sai ta amsa tana kallon rariyar da ke hannunta, har ya gama ya tashi. Mu ƙannensa mukan tsokane ta, mu ce in aka jera shi da mutum biyu a kasuwar Bungudu ba za ta iya ware nata ba, ita kuwa ta ɗaga mana muciya. Ranar da aka kawo shi a lulluɓe, mata suka yi ta cewa ta zo ta yi masa kallon ƙarshe. Tsakar gida cike da mutane. Ba ta tashi daga inda take ba.

Yanzu kuma idonta yana tafiya. Likitan ido da muka gani a Gusau ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa, ɗan abin da ya rage ma kullum raguwa yake. Hoton takarda ba ta ganinsa. Na sa an faɗaɗa guda ɗaya an sa a gilashi, ta shafa ta ce duhu ne kawai. Amma abin da ke da haske a jikinsa, irin talabijin, in ta matso har hancinta ya kusa taɓawa, tana rarrabe fuska. Wannan ne ya kai ni shagon Malam Rabi'u, da na ji an ce ya kawo kwamfutar da ke ɗora hotuna a faifan sidi a kalla a talabijin. Ga abin da ya biyo baya:

1. Ranar Litinin, 6 ga Satumba, na kai masa hotunan marigayi. Na gaya masa a fili don wa ake aikin da halin da idonta yake ciki, na kuma nuna masa guda ɗaya wanda fuskar ta fito sosai, na ce shi ne ainihin abin da ake nema. Ya ce in kwantar da hankalina, aikin da yake yi ko a Kano sai an tona. Ranar 20 ga wata ya ba ni faifai, ya kunna mini a kwamfutarsa, ya tafi sumul daga farko har ƙarshe. Sai dai ya jera hotunan yadda ransa ya so: na mota da na tasha da na taron direbobi a gaba, inda marigayi yake can nesa kamar ƙwayar gero, hoton fuskar kuwa ya kai shi can ƙarshe, wai da shi ake rufewa. Ya kuma ɗora kiɗan Indiya a kan hotunan mamaci ba tare da kowa ya sa shi ba. Ban yi magana a ranar ba, don ɗokina in kai gida.

2. A gida faifan ya nuna halinsa. Yakan fara lafiya, a wuce mota, a wuce tasha, da an doshi ƙarshe sai kiɗan ya fara sarƙewa, hoton ya farfashe gida-gida, ya cije cak. Wani lokaci injina na kunna faifai ya yi ta gurnani sannan ya ce babu faifai a cikinsa, alhali ga shi da hannuna na sa. Wata rana ya ƙara hoto ɗaya gaba har rai ya fara sa tsammani, washegari ya koma baya da biyu. Ko sau ɗaya bai taɓa kaiwa ga fuskar ba.

3. Mai Girma ya sani, Inna ba ta taɓa cewa tana son gani ba, kuma ba za ta ce ba. Dabarar da muke yi ita ce in kunna, in ce zan leƙa gona, matata ta ja yara zuwa maƙwabta, a bar mata ɗakin. Ni kuwa ba gonar da nake zuwa, a zaure nake tsayawa ina jin kiɗan nan yana tafiya, ina addu'a a zuciyata, har in ji ya fara in'ina. Wata safiya matata ta koma ɗaukar mayafi, ta iske Inna durƙushe a gaban talabijin, tafin hannunta a kan gilashi. Faifan ya cije a kan tayar mota da rabin kafaɗar marigayi. Da ta ji motsi sai ta ce ƙura take gogewa.

4. Na koma wa Malam Rabi'u ranar 4 ga Oktoba. Ya ce datti ne. Na goge da auduga daga tsakiya zuwa baki yadda ya nuna mini. Ya ce idon injina ne ya yi ƙura, na sayi faifan wanke ido na wanke. Ya ce wutar ƙauye ce ba ta da ƙarfi, na aro janareta daga Bungudu na ɗauko a bayan babur. Ya ce in shafa wa faifan man goge baki, wallahi na shafa, ina yi ina jin kunyar kaina. Duk wannan bai canza komai ba. Da na gaya masa cewa faya-fayan kasuwa, na wa'azi da na wasan kwaikwayo, duk suna tafiya lafiya a wannan injin ɗin, sai ya ce ai tsofaffi ba su iya riƙe faifai ba, wataƙila ita ta kankare shi da farce. Ranka ya daɗe, matar da ko sunan ɗan nata ba ta iya faɗa, ita ce za ta ɗauki faifansa tana juyawa? Ba ta taɓa taɓa shi ba.

5. Bayan yawo da hankali na gobe da jibi, ya buga mini faifai na biyu, irin na farko sak: jeri ɗaya, kiɗa ɗaya, da ƙatuwar sitikar tallar shagonsa manne a bayansa, ita ma a karkace. A wuri ɗaya ya cije. Don kada in zalunce shi, ranar Asabar, 16 ga Oktoba, na ɗauki faya-fayan biyu zuwa Tsafe wurin Malam Ayuba mai gyaran rediyo, mutumin Kudancin Kaduna da ya daɗe a garin. Ya gwada a injuna biyu. Ɗaya ya ƙi karɓa gaba ɗaya, ɗayan ya tafi har inda nawa yake tsayawa ya tsaya. Malam Ayuba ya ce shi ba sana'arsa ba ce, ba zai rantse ba, amma a ganinsa ko dai faifan mai araha ne, ko an buga shi da gaggawa, ko sitikar ce take sa shi rawa in ya ɗauki gudu, kuma irin wannan matsala ta fi bayyana a ƙarshen faifai. Ya ba da shawarar a sake bugawa a hankali a kan faifai mai kyau, ba sitika.

6. Na kai wa Malam Rabi'u wannan shawara cikin ladabi. Na ce ko ba zai yi duk wannan ba, ya taimaka ya dawo da hoton fuskar farko, tunda farkon yana tafiya. Ko ma ya zubar da sauran, ya bar shi shi kaɗai. Sai ya sha toka, ya ce mai gyaran rediyo ba zai koya masa aiki ba, sake jeri yini guda yake ci, ga aikin bukukuwa ya taru ana son gamawa kafin azumi. Ya ce tunda a kwamfutarsa yana tafiya, in kawo tsohuwar ta kalla a nan a huta. Na yi masa bayanin ba za ta iya a gaban mutane ba. Ya yi dariya ya ce wannan zancen da ne.

7. Da na rasa tudun dafawa, ranar Asabar, 13 ga Nuwamba, na ce wa Inna za mu asibiti, na biya da ita shagon. Na roƙe shi a asirce ya sallami mutane na ɗan lokaci, ya ce shago ba ya rufuwa ranar Asabar. Samari ne cike, masu karɓar hoto da masu jiran kaset. Aka ba ta kujera a gaban kwamfuta. Yana kunnawa sai ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, ya kira ta Hajiya, ya ce ta buɗe ido ga ɗanta Sahabi nan zai fito. Subhanallahi! Nan take ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya ta fuskanci bango. Faifan kuwa, wanda ya wahalar da mu tun Satumba, ranar ya tafi tiryan-tiryan. Fuskar yayana ta cika gilashin, da ɗan murmushin nan nasa da tabon da ke girarsa ta hagu. Duk wanda ke shagon ya gani, har mai sayar da rake da ya leƙo daga waje ya ce Allah ya jiƙan rai. Ita kaɗai ce ba ta gani ba. A mota muna komawa Nahuce na ga gefen mayafinta ya jiƙe.

8. Bayan wannan, Malam Rabi'u ya ce shi ya sauke nauyi, an nuna wa mai abu abinta, in ta ƙi kallo ba ruwansa. Ya ƙara da cewa kwamfutarsa ta cika, ƙarshen watan nan zai goge hotunan ya sa aikin wasu. Wato wuri ɗaya tak da fuskar take fitowa da haske, shi ma za a share shi.

Ranka ya daɗe, ban zo neman a hukunta kowa ba, ban kuma zo neman a mayar mini da komai ba. Ina jin haushinsa, ba zan ɓoye ba, amma haushina ba shi ne abin duba ba. Tsoro nake ji. A watan Satumba Inna tana gane ni daga ƙofar ɗaki. Yanzu sai na yi magana. Shekaranjiya ta miƙa hannu za ta ɗauki buta ta kama iska, sannan ta tambaye ni, tana kallon wani wuri daban, ko akwatin nan ya warke. Na ce mata an kusa.

Saboda haka nake roƙon Mai Girma, don Allah don Annabi:

(a) A umarci Malam Rabi'u kada ya goge hotunan har sai an warware wannan magana.

(b) A sa shi, ko wani ɗan ƙungiya da ya san aikin, ya sake buga faifan a hankali a kan faifai mai kyau, ba sitika, ba kiɗa, hoton fuskar a farko kuma ya daɗe bai wuce ba. A gwada shi a injina, ba a kwamfutar shago ba. Zan ɗauko injin a kaina in kawo duk inda aka ce.

(c) In duk wannan zai ɗauki lokaci, to ga ƙaramin roƙo wanda ba ya bukatar faifai ko gyara. A ba mu aron shagon na ɗan lokaci da safe, kowace rana Mai Girma ya zaɓa a cikin makon nan. A kunna, a tsayar da shi a kan fuskar, a matso mata da kujera. Kada a ambaci sunan kowa. Malam Rabi'u ya fita, samarinsa su fita, ni ma in fita, a ja mata ƙofa. Ba za mu tambaye ta me ta gani ba, in ta fito ta ce ƙura ta goge, mun yarda.

Ina fatan Mai Girma zai dubi wannan takarda da idon rahama, kuma da wuri, tun nata yana gani. Allah ya saka da alheri, ya jiƙan magabata, ya bar zumunci.

Naka mai biyayya,

Bashiru Idris Nahuce,
a madadin mahaifiyarsa, Inna Tambaya, wadda ba ta san an rubuta wannan takarda ba.