Ɗorin da Aka Yi wa Tamu

Daga ƙanenka Attahiru a Aliero, zuwa ga Yaya Atiku a Yawuri. Gaisuwa mai yawa da girmamawa, da fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyalinka. Allah ya tsare ku, ya sa albarka a fataucinka. Mu nan lafiya, albasa ta yi kyau bana. Inna tana nan da ƙafarta, sai dai ta ƙara son faɗa, abin da na ɗauka alamar ƙarfi ce.

Bayan haka, maganar autanmu Tamu ce. Ka san shekara biyu ke nan da abin nan ya kama shi. Ba zazzaɓi, ba rauni, in ka gan shi sai ka ce ya fi ni lafiya. Amma sai ya wuni a gindin bango bai ce uffan ba. In an matsa masa, ya ce dutse aka aza masa a ƙirji, kuma shi bai ga amfanin wayewar gari ba. Na buɗe duk littafin magani da na gada wajen Malam, na ba shi rubutu har allona ya koɗe. Ya sha, ya yi godiya, ya koma gindin bangonsa.

Da Nasara suka aiko a ba da majiya ƙarfi don aikin hanyar Jega, Maigari ya dubi kafaɗun Tamu ya ce shi ne na farko. Na ce ba shi da lafiya, ya ce in nuna masa wurin ciwon. Baffa Maiwada kuwa, wanda ka san bai taɓa rasa shawara ba, ya ce cikin biyu ne: in lalaci ne a bar dogarai su gyara shi, in hauka ne a sa shi a mari. Ban ankara ba har ya auna ƙafar Tamu da kaba, ya aika garin Jiga Makera a ƙero marin. Tamu yana kallo ana aunawa, bai ko janye ƙafar ba. Wannan ya fi komai tsorata ni.

To, ka san garinmu, mutum ba shi da ciwo sai an ga karan ɗori a jikinsa. Sai na kai shi wajen Ayuba mai ɗori. Ya lalube shi tun daga wuya har yatsa, ya ce bai taɓa ganin ƙashi mai kyau haka ba. Na roƙe shi ya ɗaure duk da haka. Ya daɗe yana duban idon Tamu, sannan ya jera masa karare a hannun dama ya naɗe, muka ce daga rumbu ya faɗo. Ga inda karatun shekara talatin ya kai ni, Yaya: ɗaure lafiyayyen hannu.

Tun ranar Maigari ya cire shi daga aikin, Baffa ya bar zancen mari, mata suna ta aiko da kunu. Tamu ya gaya mini shekara biyu yana ciwo, sai yanzu ya ji an ce masa sannu. Jiya har tuwo ya ci ya ƙara.

Amma Ayuba ya ce kwana arba'in zai kwance, don lafiyayyen hannu in ya daɗe a ɗaure shanyewa yake yi. Yau saura sha tara. Marin kuwa an kawo, na gan shi rataye a zauren Baffa. Don Allah ka zo kafin nan ka tafi da Tamu wajenka. Kai ne babba, kai kaɗai Baffa zai saurara wa. Na tambayi Tamu ko zai bi ka, ya ce zai bi in za ka yarda ba shi da lafiya ba tare da karan ba. Na ce masa za ka yarda. Kada ka sa in zama na yi ƙarya sau biyu.

Ka gai da Rakiya da yara. Inna tana gaishe ka, tana tambaya ko Yawuri ba ta da hanyar dawowa. Adama da Delu ma suna gaisuwa. Wasalam.

Ƙanenka,
Attahiru