Katin Iskar Shiori

Yaya Tamaki,

Gaisuwa mai yawa, da fatan gwiwar nan ta bar ki kin huta. Ga kwalin sabon wasan katin da na ƙirƙira, "Komawa Gaɓa", an gama buga shi. Masunta ne ke tseren komawa gida kafin hadari, kowa yana tura jirginsa da katin iska. Ranar Lahadi za a buɗe baje kolin wasanni a nan Tokyo, kuma kin san mutanenmu, ba sa saye sai sun karanta sharhinki.

Shi ne wasan farko da na ƙarasa tun rasuwar matata Shiori. In ya faɗi, na ajiye alƙalami ke nan. Ki gwada shi, amma ki tuna ciki ɗaya muka fito.

Ƙaninki,
Genta

Genta,

Na samu kwalin, gwiwa kuma tana nan tana mulkinta. Zanen ya yi kyau. Sauran maganar ba daɗi.

Na yi yadda na saba: na ba baƙi huɗu a wani shagon wasanni a nan Osaka, na miƙa musu takardar dokoki, ban yi musu wani bayani ba. Wani dattijo, Kuwabara, katin iskarsa ya ƙare tun farko. Jirginsa ya tsaya cik, ba dokar da ta ce ga yadda zai samu wani. Har aka tashi yana zaune yana kallon shayinsa. Ya ce, "Baiwar Allah, wasa kika kira ni ko gadi?"

Faɗa mini gaskiya, kai mai taurin kai: ka taɓa ba wani wasan nan ba ka tsaya a kansa kana bayani ba? Sharhi zai fita ranar Asabar, kuma ba zan yi wa masu karatuna ƙarya ba. Ni ma hankalina a tashe yake.

Yayarka,
Tamaki

Yaya,

Ina gaisuwa. Ban taɓa ba. Kullum da abokanmu na ranar Laraba nake gwadawa, kuma jirgin kowa bai taɓa tsayawa ba. Na tara su jiya na zuba ido. Da katin ɗayansu ya ƙare, sai na kusa da shi ya tura masa nasa, ko kallonsa bai yi ba. Na ce, "Kai, wa ya ce ka yi haka?" Ya ce, "Ba doka ba ce?"

Yaya, ba doka ba ce. Shiori ce take yin haka tun wasan yana kan guntayen kwali, ba ta iya ganin mutum a zaune an bar shi. Muka ɗauka duka ba mu sani ba. Ni kuwa na gina wasan a kan abin da ban rubuta ba.

Babu lokacin sake bugu. Zan rubuta dokar da hannu, in saka a kowane kwali. Ki rubuta abin da kika gani. Abu ɗaya nake roƙo: ki sake gwada wasan da wannan dokar.

Genta

Ƙanena,

Na sake tara baƙin nan huɗu, na ba su sabuwar dokar. Wasan ya tafi lafiya lau. Wannan karon wata yarinya ce katinta ya ƙare, Kuwabara ya tura mata nasa yana gunaguni, ya zo na ƙarshe, ya ce a sake.

Sharhi ya fita, ban ɓoye kuskurenka ba. Ina tafe a jirgin ƙasa na safe da alƙalami biyu. Kada ka fara rubutun ba tare da ni ba. Rubutunka ba ya karantuwa, kuma sunan Shiori za mu sa a kan dokar.

Tamaki