Tagogin Roba a Gidan Shugabar Kwamiti

Anti Verna,

Don Allah ki agaza mini da shawara kafin ranar Alhamis, domin tun Asabar ko shayi na kurɓa ba na jin ɗanɗanonsa.

Shekara goma sha huɗu ke nan ina shugabancin kwamitin kula da tsofaffin gidajen unguwarmu. Kin dai san yadda ake yi. Asabar ta farko a watan Disamba gidaje takwas sukan buɗe ƙofa, mutane su yanki tikiti su zaga, abin da aka samu a gyara rufin da ke yoyo. Gidanmu, ginin 1891, bai taɓa fashi ba. Tun ana saura mako nake naɗe katakon dafawa na matakalar bene da ɗanyen ganye don ado, ina soka kanumfari a jikin lemo don ƙamshi har yatsuna su yi tsami. Ba mai taka mini daɓen katako sai ya sa ledar rufe takalmi, ko shi wane ne.

Ana ce mini mai tsanani, kuma ban taɓa jin haushin sunan ba. Dokar unguwa ta ce tagar katako da katako ake maye gurbinta, ban da roba. Shekara uku da suka wuce maƙwabcinmu, dattijo Delbert, ya cire tsofaffin tagoginsa ya sa na roba, wai sanyi na cin ƙasusuwan matarsa Opal. Ni da hannuna na rubuta ƙararsa. A gaban taro na ce masa in kowa zai kawo uzuri, gara mu tattara unguwar mu miƙa wa masu rusau. Ya tsaya riƙe da hularsa, ya dube ni, ya dubi mijina Lowell, sannan ya koma ya zauna. Aka sa shi ya cire, ya mayar da tsofaffin. Tun daga nan gaisuwarmu ta koma ɗaga hannu daga nesa.

To, Asabar ɗin nan na hau da baƙi wajen goma sha biyar ɗakin kwananmu na sama. Ina da wata 'yar burga da nake yi duk shekara: in ɗaga taga da yatsa ɗaya, in ce su ga aikin mutanen da, shekara ɗari da ɗoriya amma ko ƙara ba ta yi. Ina cikin yi sai wani tsoho a baya ya ƙyalƙyale da dariya, ya ce ai dole ta yi laushi, Madam, tunda shi ya kafa ta. Wai sunansa Emmett, kafinta ne da ya ajiye aiki, kuma duka tagogi shidan sama roba ce zalla mai zanen katako, shekara tara ke nan. Bawan Allah ba da mugunta ya faɗa ba, murna yake fentin bai kware ba. Wata mata ta raɗa wa ƙawarta, yadda kowa zai ji, cewa in roba za a kalla ai da ta zauna a gida ta kalli nata. Na ƙwanƙwasa tagar da zobena, na ji ƙara irin ta bokiti. Har yanzu ban san yadda na sauko daga benen ba.

Shekara tara baya na yi mako shida a wurin mahaifiyata da aka yi mata aikin ƙugu. Da na dawo Lowell ya ce ya sa an gyara tagogin, har na yaba masa. Bayan baƙi sun watse na same shi a kicin yana wanke kofuna. Bai ko yi musu ba. Ya ce ya gaji da jin tarina duk lokacin sanyi, kuma da ya nemi izinina da yanzu ina kabari, alhali tagogina na asali suna nan ƙalau a jikin bango. Na tambaye shi wa kuma ya sani. Ya daɗe yana goge kofi ɗaya kafin ya ce tsanin kafintan bai kai ba, sai aka ari na Delbert, kuma Delbert ɗin ne ya riƙe musu shi kwana biyu cur, ya yi alkawarin ba zai faɗa ba.

Anti, ranar da na tsinka mutumin nan a bainar jama'a, kalma ɗaya ta ishe shi ya kwance mini zane a kasuwa, amma ya haɗiye. Mijina yana zaune kusa da ni, shi ma ya haɗiye. Ita kuwa Opal na ji an ce da bargo take wuni a kicin, gefen murhu. Kunya ta hana ni leƙa waje.

Ranar Alhamis kwamiti zai zauna. Babu ɗan kwamiti ko ɗaya a ɗakin da abin ya faru, don haka yayata ta ce in ja bakina, in sanyi ya wuce in sauya tagogin a ɓoye. In na faɗa, kujerata ta tafi, sunana ya zube, masu son rushe gidajen kuma sun samu abin dariya. Shi kuwa Lowell ko ido ba na son mu haɗa. In yi shiru ko in tona kaina?

Wadda Taga Ta Tona Wa Asiri

*

'Yar'uwa,

Ki fara da cire wa kanki laifin da ba naki ba. Ba ki yi ƙarya ba, rufe ki aka yi. Dokar da kika tsare ma ba shirme ba ce, don da ba a samu masu taurin kai irinki ba da yanzu rabin gidajen nan sun zama wurin ajiye motoci.

Shawarar yayarki kuwa ba ta da ƙafa. Maganar da ta shiga kunne talatin ta riga ta kama hanya, kuma gara kwamiti ya ji daga bakinki da ya ji a layin kanti. Ki faɗa da kanki, a taƙaice, ba kuka ba kare kai. Kada ki ajiye kujerar cikin fushi, ki bar su su yanke. Sannan ki ajiye musu wannan hujja: shekara tara ɗaruruwan baƙi suna kallon tagogin nan, ke mai idon gane roba daga tsallaken titi kina ɗaga su kullum, ba wanda ya gane. Ki nemi a sassauta dokar ga tsofaffi da marasa lafiya. In wani ya kawo wannan za a ce son kai ne, ke kuwa za a saurare ki.

Lowell laifinsa biyu ne, kada ki haɗa su a kwano ɗaya. Na farko ƙauna ce ta bi ta bayan gida, wannan ki yafe. Na biyu, da ya zauna yana kallo ana wulaƙanta wanda ya rufa masa asiri, ya fi nauyi, kuma ba ke kaɗai zai ba haƙuri ba.

Amma bari in ja kunnenki. Kin cika mini takarda da kujera da suna, matar da ke wuni cikin bargo kuwa layi ɗaya kika ba ta. Delbert ya nuna miki ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma matarsa ce ta biya kuɗin shirun da jikinta. Saboda haka kada ki jira Alhamis. Gobe da safe ki sa mijinki gaba ku ƙwanƙwasa ƙofarsu. Kada ki riƙe musu kek, kada ki kawo bayani, ki ce kin sani, kin zalunce su, su yafe miki. In bai amsa ba kada ki ji haushi, shekara uku ya yi yana haɗiyewa. Lowell kuma ya nemo wancan kafintan ya toshe musu duk inda iska ke shiga kafin kwamiti ya gama shawara.

Kujera za ki iya rasa ta ki rayu. Sanyin bana kuwa yanzu ya fara, kuma Opal ba yarinya ba ce.

Allah Ya ba ki ƙarfin hali, Ya daidaita tsakaninku.

Anti Verna