Kujerar Don Anselmo

Mama,

Ina gaisuwa. Ya jikin Baba? Ni lafiya lau nake a Valparaíso, sai ɗan kumburin ƙafa saboda yinin tsayuwa a kanti.

An yi doka cewa dole a ba ma'aikatan kanti kujera, shugabannin ƙungiyarmu ta ma'aikata sai bugun ƙirji suke. Maigidanmu Don Anselmo, mai kantin, ya sayo ɗaya. Jami'in gwamnati ya zo, ya baje tumbinsa a kai, ya sha shayi, ya yaba.

Jiya abokiyar aikina Eduvigis, da tsohon cikinta, ta zauna. Don Anselmo ya ce, "'Yata, kujera doka ta ce in ajiye, ba ke ba." Ya sallame ta.

Yanzu kyanwarsa ke barci a kan kujerar.

Ki aiko min da man zafin nan. Allah ya bar mana ke.

'Yarki, Rosaura