Hatimina a Takardar Ƙosai

Kakuri, Kaduna
Agusta, 1987

Yaya Dije,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Yaya ƙafar Inna? Shuka ta yi kyau a Gumel kuwa?

Ni lafiya lau, kada ki damu. Kin tambayi labarin ɗakin karatun yara inda nake aiki. Yana nan, ƙofar dai muna buɗewa. Kin tuna shekarar da aka buɗe shi, na rubuto miki cewa yara har kan taga suke zama, wasu karatu, wasu zane, wasu ginin tukwane? Tun da masaƙa ta rage ma'aikata, iyaye sun kwashe su zuwa talla. Rufin yana yoyo, dawakan yumɓun da suka gina duk sun narke.

Shekaranjiya na sayi ƙosai wajen Maman Philomena, wadda 'yarta ta fi kowa aron littafi a da. Takardar da ta naɗe min, shafin littafinmu ne na tatsuniya, ga hatimin da na buga da hannuna. Philomena ce ke miƙo mata takardun. Ta gane ni, ta sunkuyar da kai.

Uwar ta ce, “Malama, in ƙara yaji?”

Na ce ta ƙara. Me zan ce, Yaya? Ni ma abincina ke nan ranar.

Ki aiko min da kuka da daddawa in an samu mai zuwa. Kada ki gaya wa Inna komai. Allah ya bar mu tare.

Shafin yana nan, na goge man ƙosan. Ban san wa zan karanta wa ba.

Ƙanwarki,
Kulu