Ni na kashe ƙudan zuman lambunmu, amma Kawuna ake tsinewa

Assalamu alaikum. Ina gaida mai kula da wannan shafi da duk masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kafin ku zage ni ku karanta har ƙarshe, domin zagin da nake yi wa kaina ya isa.

Ni manomin albasa ne a wani ƙauye ta wajen Sabiyal, cikin ƙasar Aliero. Bara waccan wata malamar firamare a garinmu ta tara matasa ta ce itatuwan da muka tashi muka gani duk sun ƙare, ƙudan zuma ma sun yi ƙaura, shi ya sa albasar iri ba ta cika kamar da. Mai gari ya ba mu fili, muka yi gayya muka kewaye shi da shinge, muka dasa magarya da kanya da aduwa da ɗorawa da bagaruwa. Ranar kasuwar Jega mukan bi rumfa-rumfa muna neman gudummawa, wani ya ba mu, wani ya yi mana dariya. Matan gari suka riƙa soya ƙuli-ƙuli suna sayarwa don lambun. Da abin da aka tara muka haƙa rijiya, muka sayo amya daga wani mai kiwon zuma a Maiyama. Wallahi ina son lambun nan. Ni nake ban ruwa idan wasu sun gaji. Kuma ina wurin aka yi alkawari cewa duk mai gona kusa ba zai yi feshi da rana ba, sai ya sanar an toshe amya tukuna.

Gonata tana jikin lambun, ta Kawuna kuma tana jikin tawa. Wan mahaifiyata ne, shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina, gonar ma shi ya yankar mini. Shi dai bai taɓa son lambun ba. Da zuma ta harbi sansa na huɗa har ya tsinke igiya, a gaban jama'a ya ce, "Wallahi sai na ga bayan ƙudajen ga!" Faɗa ce kawai irin ta tsofaffi, amma kowa ya ji.

A ranin da ya wuce albasata ta iri ta yi fure, sai ƙwari suka faɗa mata. Hankalina ya tashi. Na sayo magani mai ƙarfi a Jega, na haɗa shi da wani, na ari injin feshi da mai shi ya ce in mayar kafin la'asar. Da rana tsaka, kowa yana gida, na fesa. Ina ganin zumar a kan furen, ina jin kukanta, amma na ce a raina ai ɗan kaɗan ne, me zai faru? Me ya hana ni taka ƙafa in sanar? Har yau ban samu amsa ba. Kashegari muka tarar da su zube a bakin amya kamar an watsa gero, wasu suna juyi a ƙasa. Malamar ta durƙusa tana kwasar su da hannu tana kuka, ni kuma ina tsaye ina cewa innalillahi tare da kowa.

Aka taru ƙofar mai gari. Wani ya ce ai mun san wanda ya rantse. Duk ido ya koma kan Kawu. Aka tambaye shi, ya ce, "Allah na gani." Ina zaune a wurin, na sunkuyar da kai, mutane suka ɗauka kunyar abin da Kawuna ya yi nake ji. Har dafa ni ake yi ana ba ni haƙuri.

Tun ranar Kawu bai sake zama majalisa ba. Da ya kira gayyar cirar albasa, ni da 'ya'yansa kawai muka je. Matan da suka soya ƙuli sun daina shiga gidansa ko da suna ake. Mutumin da ake kira don yin sasanci idan an yi rikicin iyaka, yanzu sahun baya yake sallah ya fice kafin a shafa.

Kwanan baya jininsa ya hau, na goya shi a babur zuwa asibiti a Jega. A hanyar dawowa ya ce in tsaya ya huta. Muna zaune gefen hanya na kasa daurewa, na ce, "Kawu, akwai maganar da nake son in faɗa maka." Ya ɗaga mini hannu ya ce, "Na sani. Ina cikin gonata, na gan ka da injin a baya." Na ce, "To me ya sa ba ka faɗa ba?" Ya ce, "Ni na tsufa, mi ya rage mini? Kai kana da ɗiya ƙanana, garin ga za ka zauna. Ka yi kurum. In ka buɗe baki ban yafe ba." Na yi kuka kamar yaro, shi yake lallashina, shi da ba ya iya tsayuwa sai an riƙe shi.

Yanzu an fara sabon neman taimako don a sake sayo amya, kuma malamar ta ce ni za a ba shugabancin kwamiti saboda amanata. Idan na yi magana na saɓa wa mutumin da ya raine ni, wahalar da ya sha ta tashi a banza. Idan na yi shiru, ina tsoron ranar da za a ɗauko gawarsa mutanen gari suna tafe a baya da wannan zargi a zuciyarsu, ni kuma ina sahun gaba.

Jama'a, ku dubi girman Allah ku faɗa mini gaskiya ko da za ta yi mini zafi. Me zan yi?